Shekara Guda da Rabi Ina Ɗaure Lafiyayyar Ƙafa

Makon jiya aka sare tsamiyar da ke bakin hanyar unguwarmu, wai za a faɗaɗa titi. Ban je kallo ba, amma daga inda nake zaune a ƙofar gida na ji kukan injin yankan itace, na kuma ji lokacin da ta faɗi, don har ƙasa sai da ta amsa. Jikokina suka dawo suna murna, kowa da ɗaurin itace a ka, sun samu na girki a banza. Ban ga laifinsu ba. Su sun tashi ne sun ga itaciyar da masu babur ke fakewa a inuwarta suna jiran fasinja. Ni kuwa a gindinta na fara jin sunan Yesu, a gindinta kuma na shekara ina zama kamar wanda ya ɗauko kayan wani, ina waige-waige. Tun ranar nan abubuwan da na zaci sun daɗe da fita kaina suke ta dawowa ɗaya bayan ɗaya, wasu har su ba ni dariya ni kaɗai.

Mu Maguzawa ne, 'yan wata unguwa a cikin duwatsun ƙasar Roni. A lokacin da nake ba da labari gidajen 'yan kaɗan ne, kowanne da rumbunansa a tsaitsaye kamar su ne masu gidan. Ba agogo, ba rediyo. Abin da ke tashin mutum da safe shi ne daka: turmi ɗaya ya fara daga gidan gabas, wani ya amsa masa daga bayan dutse, kafin ka wanke ido unguwar duka ta ɗauka. Daga jin faɗuwar taɓarya mukan gane matar da ke daka, har mu san ko an ɓata mata rai. Yanzu injin niƙa ɗaya ke yi wa kowa, kuma muryarsa ɗaya ce ko ana biki ko ana makoki. Ba na cewa a koma wa turmi, domin na ga yadda ya lanƙwasa bayan uwata. Ina dai cewa a da kunne ma yana da abin karantawa.

Gandu muke yi, wato gona ɗaya babba ta gida, kowa ya yi aiki a cikinta ƙarƙashin mai gida, shi kuma ya ciyar, ya tufatar, ya yi wa samari aure in lokaci ya yi. Mai gidan shi ne mahaifina. Dogon mutum ne, marar yawan magana, wanda in ya kama garma sai masu gangar noma su bar kowa su bi bayansa. Ban taɓa jin ya yabi ɗansa ba. In ka yi aiki mai kyau zai duba ya wuce, wannan wucewar ita ce yabon. In kuwa ka cika shi da bayani, zai bari ka gama, sannan ya ce, "To, mun ji. Ɗauki fartanya." Shi ne kuma mai kula da kan gida, wani baƙin dutse da ke bayan rumbuna inda ake yi wa iskokin gidanmu yanka. Kowace shekara, in hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai a tara mazan gida a yanka jan zakara a kansa kafin a zuba iri ko ƙwaya ɗaya a ƙasa. Babban ɗa shi ke riƙe zakaran. Ni ne babban ɗa.

Da tsoro muka tashi, ba na ɓoyewa. Akwai kukar da ba a bi ta gindinta da tsakar rana, akwai rijiyar da ba a leƙawa, akwai sunan da ba a faɗa. In yaro ya yi zazzaɓi, ba a tambayar me ya ci, sai a tambayi wa aka saɓa wa. Kullum akwai wanda ake lallashi, kuma ba ka taɓa sanin ko ya haƙura ba.

Ina saurayi, gemu ya fara tsirowa, garma ta sare ni a ƙwauri wajen huɗa. Ciwon ya ƙi warkewa, ya zama gyambo mai wari, har ƙannena suka daina cin tuwo kusa da ni. Inna ta gwada duk ganyen da ta sani. Da ta gaji, sai ta kama hannuna ta kai ni wurin wani baƙo da ya zo ya kafa bukka kusa da tsamiyar nan da akwatin magani. Malam muke ce masa. Bahaushe ne kamarmu, amma Kirista, gajere, mai giɓi, mai son dariya. Ya zaunar da ni, ya ɗora ƙafata a cinyarsa, bai toshe hanci ba, bai kau da kai ba, ya wanke ciwon da wani ruwa mai launin shuni, ya naɗe da farin ƙyalle. Ya ce in riƙa zuwa duk Lahadi a sake wankewa. To, ranar Lahadi kuwa yakan buga wata tsohuwar garma da ya rataye a reshen tsamiyar, mutane kaɗan su taru, ya yi musu karatu, su yi waƙa. Mu masu jiran magani muna gefe muna ji, ko mun so ko ba mu so ba.

Da farko waƙar nake so. Daga baya maganar ta fara shiga. Ya ce akwai wanda ya riga ya ba da jininsa sau ɗaya domin kowa, ba sauran lallashi, ba sauran zakara, kuma ya tashi daga matattu yana nan da rai. Na yi ta juya maganar nan a gona, a hanya, a bakin rijiya. Ba zan iya nuna ranar da na gaskata ba. Abin da na sani shi ne, wata rana ina dawowa da tsakar rana, ina ta tunani, sai na ankara na riga na wuce ta gindin kukar nan da ake gudu. Na tsaya na waiga. Kuka ce kawai, da 'ya'yanta suna reto. Na koma na tsinko ɗaya na fasa na sha, ina tafe ina dariya kamar taɓaɓɓe.

Kafin a gama yankan dawa ƙafa ta warke sarai, sai tabo. Nan matsalata ta fara. In na ce ta warke, ba ni da hujjar zuwa gindin tsamiya. Sai na nemi tsumma na ci gaba da ɗaurewa. Duk Lahadi in fito daga gida ina ɗingishi, ina yamutsa fuska, in na sha kwanar dutse in miƙe in zuba sauri. In na isa kuma ba na zama cikin masu sujada, sai can gefe wurin masu ciwo, in miƙe ƙafa, in riƙa motsa leɓe a hankali in ana waƙa. Haka na yi rani, na yi bazara. Da lokacin yanka ya zo na riƙe zakara kamar kullum, jini ya zubo mini a yatsu, na kwana uku tuwo ba ya yi mini daɗi. Amma na ci gaba da ɗaurin, har wata kakar ta zagayo.

Malam bai taɓa matsa mini ba. Duk mako yakan kwance tsumman a gaban mutane, ya dubi lafiyayyar fata da fuskar likita, ya ce, "Da sauƙi, da sauƙi," ya mai da. Sai wata Lahadi bayan kowa ya watse ya ce in tsaya. Ya ba ni gyaɗa a tafin hannu, muka zauna.

"Ɗana," ya ce, "ni kam na gaji da yi wa ƙafar nan ƙarya. Ita ma na ga alama ta gaji."

Na sunkuyar da kai na ce, "Malam, ai a zuciya na gaskata. Allah yana ganin zuciya, kai ka faɗa."

"Yana gani. Amma bari in tambaye ka. Da wani zai tare ka a kasuwar Gwiwa ya ce wa ya wanke maka gyambo, ina tsaye a gefe, sai ka ce ba ka san mutumin ba?"

"Haba Malam, ina zan iya."

"To ni ƙafa kawai na wanke. Wanda ya wanke ka gaba ɗaya fa? Ba wai faɗar ce ke sayen ceto ba, an riga an gama wannan. Amma abin da zuciya ta karɓa da gaske, baki ba ya iya riƙe shi har abada. Tare suke tafiya, zuciya da baki. Shi bai ji kunyarka ba lokacin da kake wari."

Na ce, "Baba zai kore ni daga gandu."

Bai ce a'a ba. Abin da ya sa na yarda da shi ke nan har yau. Ya ce, "Mai yiwuwa ne. Ba zan ce maka yau ko gobe ba, ba kuma ni zan kwana da yunwar ba. Amma daga yau, in za ka ɗaure, kai za ka ɗaure da hannunka."

Na ci gaba da ɗaurewa da hannuna har ƙarshen bazara. Ranar yanka ta zo da hantsi, iska mai laima tana kaɗowa daga gabas. Mazan gida duka suka taru a bayan rumbuna, mata suna leƙe daga bakin danga. Akwai yayan mahaifina, tsoho tukuf wanda kunnensa ya yi nauyi, an zaunar da shi a kan turmi. Can nesa kaɗan kuma akwai wani Bafulatani, abokin Baba, Musulmi, wanda kan zaunar da shanunsa a gonarmu da rani don taki. Ya zo sallama ne za su tashi, ya tarar da abin da ake ciki, sai ya ja gefe ya dogara da sandarsa yana jira a gama, don shi ba ya shiga wannan.

Baba ya ɗauko zakara, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Riƙe."

Hannuna ya ƙi tashi. Ban shirya ranar ba, ban tsara abin da zan ce ba. Na dai ji idan na karɓa wannan karon, zan karɓa har in mutu. Na buɗe baki, murya ta fito siririya kamar ta ɗan akuya: "Baba, ka gafarce ni, ba zan riƙe ba. Ni na bi Yesu. Shi ne Ubangijina, shi ne ya cece ni."

Wurin ya yi tsit. Sai tsohon nan na kan turmi ya karkato kai ya ce, "Me yaron ya ce?"

Baba ya dube ni, karo na farko a ranar, ya ce, "Maimaita. Yayana bai ji ba."

Na maimaita da ɗan ƙarfi. Tsoho ya kafa tafin hannu a bayan kunne ya ce, "Ya bi wa?"

Ba yadda zan yi. Na taka har gabansa, na durƙusa, na kai bakina kusa da kunnensa, na ɗaga murya iyakar ƙarfina na faɗa duka daga farko. Duwatsu suka amsa. Daga baya na ji cewa matan da ke rijiya sun ji, mutanen gidan gabas ma sun ji. Ni da na shekara ina motsa leɓe don kada na kusa da ni ya ji, sai ga shi na yi shela ga unguwa duka. Tsoho ya gyaɗa kai ya ce, "Oho. To ai sai a ba wani ya riƙe, rana na yi."

Baba ya miƙa wa ƙanena zakaran, sannan ya nuna ƙafata da haɓa. "Kwance wannan."

Na kwance. Fata sumul, har ta fi ta ɗaya ƙafar haske don rashin ganin rana.

"Tun kakar bara waccan na san ta warke," ya ce. "Mai gyambo ba ya ɗingishi ranar Lahadi kaɗai. Wata rana ma da ƙafar hagu ka fita kana ɗingishi, alhali dama ce a ɗaure."

Na ji wata ta fashe da dariya a bayan danga, ta yi saurin toshe baki. Inna ce. Amma dariyar ba ta daɗe ba, don Baba bai gama ba. Ya ce ya yi shiru ne yana jira ya ga ko ya haifi namiji ko mai ɓuya, yanzu ya gani. Sai dai wanda ba ya riƙe wa gida zakara ba ya cin gandun gida. Ya ba ni wani fegi a jikin dutse wanda ko awaki ba sa son hawa, ya ce in noma in ci, in kuma nemi aurena da kaina. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Ya juya ya ci gaba da abin da ya tara mutane dominsa, ni kuma na fita da tsumma a hannu.

A hanya Bafulatanin nan ya cim mini. Muka yi tafiya kaɗan tare, sannan ya ce, "Yaro, ka san ni ba hanyarka nake bi ba. Da so samu ne, tawa za ka bi. Amma mutumin da ya faɗi abin da ke ransa a gaban ubansa, ya san abin da zai rasa, ni zan iya barin shanuna a hannunsa in yi tafiya." Ya ɗage tashinsu da kwana biyu, ya kora garken ya zaunar a fegin nan nawa. Takin da suka bari shi ya ciyar da ni shekarar.

Daminar ta yi wuya, ba zan ce ba ta yi ba. Ina jin gangar noma daga gandu, ina jin ana kiran sunayen ƙannena a kirari, ni kaɗai a jikin dutse ina tsince tsakuwa. Wasu abokaina suka daina zama da ni. Amma akwai wani sauƙi da ban taɓa sani ba. Ranar Lahadi in fito ta tsakiyar unguwa da ƙafafuna biyu, in gai da kowa, in an ce ina zuwa in ce sujada. In zauna a gaba, in buɗe baki in yi waƙa, sai a lokacin aka gane muryata ba ta da daɗi ko kaɗan. Malam ya ce da ya sani da bai yi gaggawa ba. Inna kuwa takan aiko mini da tuwo, ba a ɓoye ba, ta gaban Baba take wucewa da ƙwaryar. In ya dube ta sai ta ce, "Gandu ka hana shi. Ban ji ka ce tukunyata ba." Da ruwa ya ja baya aka yi mini baftisma a rafin da ke ƙasan unguwa, mutane cike da gaɓa, masu bi kaɗan, 'yan kallo da yawa. Malam ya tambaye ni a gabansu ko na gaskata, na amsa ba tare da murya ta yi rawa ba. Wanda ya riga ya faɗa a kunnen kurma, sauran duk mai sauƙi ne.

Yanzu majami'armu ta bulo ce da rufin kwano. In za a yi wa matasa baftisma sai a jera su a gaba, a miƙa wa kowa lasifika ya ba da shaidarsa, iyaye suna tafi, ana ɗauka a waya a tura wa 'yan'uwa a Kano da Kazaure. Ina jin daɗin ganin haka. Abin da muka roƙa ke nan, a ce yaro ya faɗi bangaskiyarsa ubansa yana murmushi. Sai dai wani lokaci nakan so in ja ɗaya gefe in tambaye shi ko ya taɓa faɗar maganar nan a inda ba za a tafa masa ba: a makaranta, a wurin aiki, a cikin mota in an tambayi sunansa sai ya ba da rabi ya haɗiye rabi. Ba na hukunta mai ɓuya, ni da na shekara a ciki, kuma na san akwai waɗanda abin da za su rasa ya fi gandu nesa ba kusa ba. Ina dai gaya musu abin da na sani a jikina: kafin in faɗa, ina da bangaskiya amma tsoro ne ke riƙe da ni, bayan na faɗa, ita ta riƙe ni. Kuma faɗar ba faɗa ba ce da kowa. Rabin danginmu daga baya sun musulunta, ciki har da ƙanen nan nawa da ya karɓi zakaran. Da salla yakan aiko mini da cinya, da Kirsimeti in aika masa da shinkafa da kaza wadda shi ya zo ya yanka. Kowa ya san inda ɗan'uwansa ya tsaya, shi ya sa zaman ya yi daɗi.

Baba bai bi hanyata ba har ya bar duniya, bai kuma taɓa cewa ya yi kuskure ba. Ba irinsa ba ne. Amma shekara ta zagayo, ruwan shuka ya sauka da asubahin wata Lahadi, irin ruwan nan mai jiƙa ƙasa har kamu guda. Manomi ya san abin da ake nufi da rasa ranar farko. Na tsaya a bakin bukkata da sungumin shuka a hannu, ina jin Malam yana buga garmarsa daga nesa, ina kallon fegina, na rasa ta yi. Sai ga mutanen gidanmu sun fito za su gandu, mata da ƙoren iri a ka, Baba a gaba. Wata goma sha biyu bai yi mini magana ba in ban da amsa gaisuwa. Da ya zo daidai inda nake sai ya tsaya, duk layin ya tsaya.

"Ina za ka da sungumi? Yau ba ranar taku ba ce?"

Na durƙusa na ce, "Ita ce, Baba."

"To ajiye. Abin da ka faɗa a gaban mutane, ka yi shi a gaban mutane. Laima ba za ta gudu kafin gobe ba." Ya yi taku biyu, ya sake tsayawa, bai waiwayo ba. "In gari ya waye ka zo gandu. Layin da ke kusa da nawa ba kowa a kai."

Washegari na tashi tun kaji ba su sauko ba, na ce yau sai na riga kowa. Da na isa na tarar da shi zaune a kan kunya yana gyara ƙotar sunguminsa. An shuke gonar duka, gabas da yamma, sai layi biyu a tsakiya da aka bari. Ya miƙe, ya kama ɗaya, na kama ɗaya.